Bayan shanyewar ɓarin jiki: An gasa ƙafa, wa ya duba ƙwaƙwalwa?

 

Kwalin magani ne ya jawo maganarmu ta yau. Akwai wata matar aure da ke zuwa kantin da nake aiki a nan Abuja tana saya wa mahaifinta maganin hawan jini na wata guda, ƙwaya 30, ɗaya kullum da safe. Ran nan sai ga ta ta dawo a ƙaro. Na duba littafinmu, na ga kwana 19 ke nan da ta saya. Na ce, "Hajiya, ko ana raba maganin Baba da wani ne?" Domin ba baƙon abu ba ne a gidajenmu, wani ya ji kansa na sarawa sai a ɓallo masa daga na tsoho. Ta ce babu wanda ya taɓa. Na tambayi ɗaya maganin, na rage maiƙo a jini, wanda aka ce ya riƙa sha da dare. Ta ce ai wannan yana nan da yawa, ko rabi bai sha ba.

Wata bakwai ke nan da dattijon ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ɗan kasuwa ne, ya haura shekara 30 yana sayar da yadi da shadda a Kasuwar Wuse, irin mutanen nan da ke gama lissafin dila goma a ka kafin yaron shago ya lalubo kalkuleta. An kwantar da shi mako biyu, aka sallame shi, aka yi ta kai shi gashi har ƙafa ta taka, hannu ya riƙe cokali. Aka yi sadaka, aka yi hamdala, kowa ya ce Alhaji ya warke. Da yake mutum ne mai son yin abinsa da kansa, sai aka bar masa magungunansa a gefen gado. Ashe yakan sha na safe, bayan ya idar da walaha ya manta ya sha, ya sake ɓallo wata. Na dare kuwa sai an yi sa'a yake tunawa. Ana cikin haka jiri ya fara ɗibarsa idan ya miƙe, sau biyu yana zubewa a ƙofar banɗaki.

Da na ci gaba da tambaya sai sauran zancen ya fito. Ya ba wani mai sayayya canji sau biyu. Ya tura kuɗi ta waya ga wanda ba shi ya nufa ba. Wata rana ya fito daga masallacin unguwa, wanda ya shekara 15 yana salla a ciki, ya tsaya yana waige-waige har wani maƙwabci ya rako shi gida. Ya zargi uwargidansa da ɗauke masa makullin shago, alhali yana cikin aljihun babbar rigarsa, aka kwana uku ba sa magana. 'Ya'ya maza suka ce rigimar tsufa ce, ga shi shekararsa 63 kacal. Wata ƙanwarsa ta ce hannu aka sa masa a kasuwa. Ni dai tambaya ɗaya na yi mata: tun da aka sallame shi, akwai wanda ya zaunar da shi ya gwada tunaninsa da natsuwarsa, kamar yadda ake auna jininsa? Ta ce ita ba ta ma san ana yin haka ba.

Mai karatu, sunan da muka ba ciwon nan shi ne ya fara ɓatar da mu. Mun ce shanyewar ɓarin jiki, sai idonmu ya koma kan hannu da ƙafa da bakin da ya karkace. Alhali hannun lafiyarsa lau, ƙafar ma haka. Raunin yana cikin ƙwaƙwalwa, inda wata jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, sashen da take shayarwa ya lalace. Idan sashen nan shi ke ba hannu umarni, hannu ya saki, kowa ya gani. Idan kuma shi ke riƙe da lissafi, ko tsara aiki, ko gane hanya, babu abin da ido zai gani. Mutum zai taka da ƙafarsa, ya gaisa da kai da fara'a, ya tambayi mutan gida, amma ya kasa haɗa kuɗin cefane.

Kuma abin ba ɗai-ɗai ba ne. Farfesa Rufus Akinyemi da abokan aikinsa sun gwada mutum 143 a Abeokuta da Ibadan, wata uku bayan sun samu wannan ciwo, suka fitar da sakamakon a 2014. Kusan kashi 40 cikin 100 sun samu raunin tunani wanda bai kai ya hana su kula da kansu ba, kimanin kashi 8 kuma abin ya kai ga cutar mantuwa mai tsanani, wadda muke kira gigin tsufa. Ka haɗa su, kusan rabi ke nan. A 2023 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da bayani cewa waɗanda ke samun irin wannan rauni a shekarar farko za su iya kai kashi 60 cikin 100. Sannan ka tuna su wa ciwon ke kamawa a ƙasarmu. Babban binciken nan na SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello ke ciki, ya nuna a 2018 cewa matsakaicin shekarun masu ciwon 59 ne. Wato magidanta ne masu ɗauke da gida, masu sa hannu a takardar ofis, masu tuƙa yara makaranta.

Wani abin da ke ruɗa iyali shi ne, mu da mun ji an ce ƙwaƙwalwa ta taɓu sai mu jira mantuwa. Raunin da ke biyo bayan wannan ciwo ba lallai ya fara da mantuwa ba. Sau da yawa nauyin tunani ne: ka yi tambaya, amsa ta daɗe kafin ta zo. Ko kasa jera aiki daki-daki, uwargida da ta shekara 40 tana girki ta tsaya gaban tukunya ta rasa me ke shiga kafin me. Ko kasa riƙe abu biyu lokaci guda, ana hira talabijin na kunne sai ya fusata. Wani kuma sai ya daina lura da duk abin da ke ɓangare guda, galibi hagu: ya cinye rabin tuwon da ke kwano ya ce a ƙaro, ya riƙa bugun ƙyauren ƙofa da kafaɗa, alhali idonsa na gani. Irin wannan mutum zai iya ba ka labarin aikin Hajjin da ya yi shekara 20 da suka wuce tiryan-tiryan, sai ka ce ai ƙwaƙwalwarsa garau take. Tsohon ajiya ne ka taɓa, shi kuwa ba shi ke fara lalacewa ba.

To mene ne gwajin? Babu allura, babu ɗibar jini, babu na'ura. Tambayoyi ne da 'yan ayyuka a takarda ɗaya, minti 10 zuwa 15. Wanda aka fi amfani da shi ga masu wannan ciwo shi ne MoCA, wanda wani likita a birnin Montreal na Kanada, Ziad Nasreddine, ya tsara. Maki 30 ne. Za a ce mutum ya zana agogo ya sa hannayensa a wani lokaci, ya kwaikwayi zanen akwati, ya faɗi sunan dabbobi uku da ke hoto, ya riƙe kalmomi biyar a dawo a tambaye shi bayan 'yan mintuna, ya riƙa cire bakwai-bakwai daga 100, ya faɗi kwanan wata da inda yake. Akwai wani da ya girme shi, MMSE, tun 1975 ake amfani da shi, shi ma maki 30, sai dai raunin da bai yi tsanani ba yakan sulale masa. Masana sun fi son a yi gwajin tun mutum na asibiti idan ya natsu, a sake bayan wata uku zuwa shida, domin a watannin farko ƙwaƙwalwa na farfaɗowa, wanda ya faɗi a mako na biyu zai iya hayewa a wata na shida.

Hoton ƙwaƙwalwa da aka ɗauka ranar da aka kai shi asibiti ba ya maye gurbin wannan. Hoto yana nuna inda raunin yake. Abin da mutum zai iya yi da wanda ba zai iya ba, sai an zauna da shi.

A nan zan ɗan daɗe, don akwai inda gwajin kansa zai iya zaluntar mutanenmu. An tsara shi ne ga wanda ya yi boko, aka ce maki 26 zuwa sama shi ne lafiya, wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba a ƙara masa maki ɗaya. Yanzu ɗauki gwaggonka da aka kawo daga ƙauye don jinya a gidanka na Kubwa ko Lugbe. Ba ta taɓa riƙe biro ba, an miƙa mata an ce ta zana akwati. Lokaci a wajenta hantsi ne da azahar da la'asar sakaliya, an ce ta zana agogo. A cikin dabbobin hoton za ta gane zaki da raƙumi, amma karkanda fa? Mu nawa muka taɓa ganin karkanda? A tambaye ta wata, ta ce yau sha biyu ga Rajab, kuma daidai ta faɗa, amma mai gwajin yana jiran ya ji Janairu. Haka alaramman da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta shi da ka, za a rubuta a katinsa cewa bai yi makaranta ba. Irin waɗannan za su iya cin maki 17 ko 18 alhali ƙwaƙwalwarsu ta fi ta mai gwajin kaifi.

Masana sun san da wannan, shi ya sa aka samar da wasu gwaje-gwajen. MoCA ɗin kansa yana da wani nau'i mai sauƙi na waɗanda ba su yi boko ba. Akwai kuma IDEA, wanda aka tsara a gundumar Hai ta Tanzaniya aka kuma gwada ingancinsa a Ibadan. Shi babu biro a cikinsa: a jera ashana huɗu a wata siffa a ce mutum ya kwaikwaya, ya lissafo dabbobin da ya sani cikin minti ɗaya, ya faɗi ranar mako da sunan shugaban garinsu. Wanda ciwon ya sarƙe masa harshe kuma, yana gane komai amma kalma ta ƙi fita, akwai gwajin da aka tsara a Jami'ar Oxford wanda ake iya amsa shi da nuni. Saboda haka idan za a gwada naka, ka faɗa wa likita gaskiyar karatunsa, wane iri ne kuma ina ya tsaya, ka nemi a yi da harshen da ya fi ji. A Abuja ba kowane likita ke jin Hausa ba, don haka wataƙila kai ne tafinta. Idan haka ta kasance, ka fassara tambaya yadda take, ka mayar da amsa yadda ta fito. Na san da wuya ka ga mahaifinka na lalube ka yi shiru, baki zai so ya ce "Baba, ai yau Talata." Da ka yi haka ka ɓata gwajin. Ka je masa da tabaransa, in kuma kunnensa ya yi nauyi ka faɗa tun farko. Kada kuma a sauko da takardar daga intanet a yi ta bita a gida kamar za a shiga jarrabawa. Wanda ya haddace amsa ya rufe wa likita ido ne kawai.

Makin ba hukunci ba ne. Wanda ya samu ƙasa, ma'anarsa a ƙara bincike. Kuma rabin binciken daga bakin iyali yake fitowa, don likita bai san Alhaji kafin ciwo ba, ku kuka san shi. Wanda zai raka shi ya zama mai kwana gida ɗaya da shi, ba ɗan da ke zuwa gaisuwa ranar Juma'a ba. Ku rubuto abubuwan da suka canza, da misali da lokacin da suka fara.

Akwai abubuwan da ke shigar burtu su yi kama da raunin ƙwaƙwalwa, kuma suna da magani. Babba a cikinsu shi ne ciwon damuwa, wanda ke kama kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi daga wannan ciwo. Mutum ya yi shiru, ya daina cin abinci, duk abin da aka tambaye shi ya ce bai sani ba. Akwai rashin barci mai kyau, musamman ga mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa. Akwai ƙarancin sinadarin B12, wanda kan samu wanda ya daɗe yana shan metformin na ciwon suga. Amma ka bambanta duk waɗannan da ruɗewar da ta zo farat ɗaya. Wanda kuka yi hira da shi da safe, da la'asar bai gane ku ba, wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne. Ko sabon ciwon ne ya sake bugowa, ko suga ya faɗi, ko ƙwayar cuta ta shiga mafitsara ko huhu. In akwai na'urar auna suga a gida a auna, a ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin.

Sai ɓangaren da ya fi shafar aikina. Kafin a ce ƙwaƙwalwar tsoho ta lalace, a zazzage ledar maganinsa. Ba ya barci, an sayo masa diazepam. Mura ta kama shi, an ba shi Piriton ko wani maganin mura mai sa barci. Ƙafar da ta shanye tana zugi, an rubuta amitriptyline, wani ɗan'uwa kuma ya ƙara da tramadol. Fitsari na kufce masa, ga oxybutynin. Kowanne daga cikin waɗannan na iya dusashe tunanin mai shekaru, balle an haɗa uku. Na sha ganin wanda aka ɗauka ya gigice, likita ya janye ƙwaya ɗaya ko biyu, cikin mako biyu ya dawo hira. Ban ce ka dakatar da komai da kanka ba, wasunsu ma dakatar da su lokaci guda haɗari ne. Ka tattara duk abin da yake sha, har da na gargajiya da wanda aka kawo tsaraba daga Saudiyya ko Indiya, ka kai wa likitansa ko masanin magunguna a duba su tare.

Kusan kullum sai an tambaye ni "maganin ƙara ƙwaƙwalwa". Ana nufin su piracetam da citicoline da ganyen ginkgo, kuma ba su da araha. Gaskiyar da zan faɗa, ko da ba ta yi wa ciniki daɗi ba, ita ce babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa suna dawo da tunanin da wannan ciwo ya taɓa. An gwada citicoline a kan mutum sama da 2,000 da ciwon ya buge a Turai, sakamakon da ya fito a 2012 bai nuna ya fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. Ginkgo kuma na iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan aspirin ko clopidogrel ko warfarin. Su donepezil da memantine na cutar mantuwa, likita kan gwada su ga wasu, amfaninsu kaɗan ne, kuma donepezil na iya rage bugun zuciya. Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga an kashe dubban nairori a kan waɗannan, sannan a ce a rage maganin hawan jini zuwa na mako biyu don kuɗi bai kai ba. Binciken SIREN ɗin nan ya ɗora kusan tara cikin goma na wannan ciwo a yankinmu a kan hawan jini. Kowane sabon bugu, har da ƙananan da ba a ji ba, yana ƙara cin ƙwaƙwalwa. Ƙwayar amlodipine da ake sha kullum ba fashi ta fi duk wani kwalin da aka zana ƙwaƙwalwa a jikinsa.

To idan babu ƙwayar da ke warkarwa, me ya sa za a gwada? Saboda sakamakon ne zai gaya maka wa zai riƙe magani, wa zai riƙe katin banki, da ko Baba zai sake hawa titin Kubwa da mota. Shi zai gaya wa mai gashi dalilin da ya sa ba a yin atisayen da ya bayar a gida, ba taurin kai ba ne. Shi zai sa ma'aikaciyar gwamnati ta nemi a sauƙaƙa mata aiki kafin ta yi kuskuren da zai jawo mata takardar tuhuma. Kuma shi zai wanke matar da ake zargi da satar makulli.

Ranar komawa asibiti, ko Babban Asibitin Ƙasa ne, ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi, ko na gunduma irin su Asokoro da Maitama da Wuse, layi na da tsawo, likita na da mutum da yawa, abin da aka kawo masa ƙorafi a kai shi zai duba. Idan kuka ce "Alhamdu lillahi, yana takawa," an wuce wajen. Ka buɗe baki ka ce, "Likita, tun bayan ciwon nan lissafinsa da tunaninsa sun canza, muna so a gwada ƙwaƙwalwarsa." In ba a yi a ɗakin ba, ka nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. In maganar za ta yi wa dattijo nauyi a gabansa, rubuta a takarda ka miƙa. Shi kuma kada a ce masa za a duba ko ya taɓu. A ce masa cikon duba lafiyarsa ne, kamar awon jini, kuma gaskiya ke nan.

Na san abin da ya fi wuya shi ne karɓar makullin mota daga hannun wanda ya saya maka taka ta farko. Kada 'ya'ya su taru a kansa kamar kotu. A bar likita ya faɗa, ko amininsa, ko limamin unguwa, a kuma ce "sai an sake gwaji", don sau da yawa haka ɗin ne. A karɓi abin da ke da haɗari, a bar masa sauran.

Shi Alhajin Kasuwar Wuse an kai shi, an gwada, an samu raunin a wajen natsuwa da tsara aiki. Aka kuma gano yana shan wani maganin barci da wani abokinsa ya ba shi, likita ya janye shi a hankali. Matansa biyu ne, da farko aka ce mai girki ita ke ba da magani, sai aka ga ranar karɓar girki ake samun ruɗani, wannan ta ɗauka waccan ta bayar. Yanzu 'yar tasa ke zuwa duk Lahadi ta cika akwatin magani mai gida bakwai, na safe bayan Asuba, na dare bayan Isha'i, ga takarda manne a bayan ƙofa, duk wadda ta bayar ta ja layi. Yana zuwa shago sau uku a mako, yana zama a kujerarsa, shi ke taya ciniki don har yanzu babu mai gane shadda ta gaske kamarsa, babban ɗansa kuma ke karɓar kuɗi. Jirin ya tafi. Watan jiya da ta zo sayen magani na duba littafi, kwana 30 cif. An ba su wata shida su koma a sake gwajin.